Sukurun da Aka Kwance

Ina shanyar wanki na ji kukan babur ɗin ya canza. Na san muryarsa kamar yadda na san tarin Yayana. Ɗan ƙaramin abu ne ja mai taya huɗu, Yaya ya saya wa 'yarsa Tsigi da ta shiga shekara ta bakwai, kuma kullum gunaguni yake yi a hankali kamar keken ɗinki. Ranar nan kuwa kururuwa ya yi. Kafin in zagayo bayan gida har ya keta filin yashi, ya yi tsalle a kan ɗan tudun da ke tsakiya, ya je ya daki katanga.

Na tarar da Tsigi a kwance, hular kwanonta ta karkace, hannunta na dama ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Ba ta yi kuka ba. Kallona ta yi da idanun nan nata masu girma, ta ce, "Gwaggo, kaɗan fa na danna."

Yaya da matarsa suka ɗauke ta sai asibiti. Ni aka bari da jama'ar layi, waɗanda suka taru kafin ƙurar motar ta lafa. Wani direban tasi ya duƙa kan babur ɗin, ya nuna wani ɗan rami a gefen totur, wato abin da ake dannawa da babban yatsa don a ƙara wuta.

"Kun ga nan? Akwai sukuru da ke tare totur, don kada yaro ya danna har ƙarshe. Ga shi an warware shi, saura kaɗan ya faɗo. Wannan ba aikin iska ba ne."

"Wa ya taɓa babur ɗin daga baya?" in ji wata mata.

Duk kawunan suka juya gefe guda, wajen garejin da ke bakin layi. Daga can suka juyo kaina. Kowa ya san makaniken da ake ce wa Sifana shi ya canza wa babur ɗin sarƙa shekaranjiya. Kowa kuma ya san shi ne zai aure ni.

*

Yaya ya dawo da azahar, rigarsa da jinin 'yarsa. An ɗaure hannun, amma likita ya ce sai an yi mata hoton ƙwaƙwalwa kafin hankali ya kwanta. Bai shiga gida ba. Gareji ya nufa, mu duka muna biye.

Sifana yana tsaye da tsumma a hannu. Siriri ne, dogo, mai magana a hankali, irin mutumin da ke ba inji haƙuri idan ya ƙi tashi. Ya fara cewa, "Yaya, ya jikin..." sai mari ya rufe masa baki. Na ji marin nan kamar a kuncina.

"Kar ka ƙara ce min Yaya. Ka mayar da 'yata abin gwaji, ko? Me ka yi wa injin?"

"Sarƙa na canza. Ban taɓa totur ba."

"Za ka faɗa wa 'yan sanda. Na kira su, suna tafe da yamma." Ya juyo gare ni, idanunsa jajaye. "Ke kuma Auta, maganarki da shi ta mutu. Muddin ina numfashi."

Tun rasuwar iyayenmu Yaya ne uwa, shi ne uba. Bai taɓa faɗin magana ya janye ba. Samarin layi suka zaunar da Sifana a kan benci, suka kewaye shi. Na ji wata tana raɗa cewa ai ni ce na ba shi makullin sito ya shiga da sassafe. Sifana bai kalle ni ba, kuma na san dalili: tsoro yake kada kallon ya ƙara min laifi. Wannan ne ya fi karya min zuciya.

*

A ƙarshen layinmu akwai wani dattijo mai renon dashen itatuwa a cikin ledoji. Ya yi shekaru yana aikin gandun daji, yana bin sawun namun daji da na ɓarayin farauta, shi ya sa ake ce masa Mai Sawu. Na same shi yana ban ruwa. Na yi ta zuba magana ina haɗiye kuka, shi kuwa bai ajiye butarsa ba sai da na kai ƙarshe.

"'Yata, tambaya ɗaya. Idan ƙasa ta ce shi ne, za ki iya ji?"

"Ba shi ba ne, Baba."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Na ce zan iya, ko da yake ƙarya nake yi.

"To mu je, kafin 'yan kallo su gama tattake min shaidu."

Gareji muka fara zuwa. Samarin suka ba shi hanya, don babu wanda Mai Sawu bai taɓa gano wa ɓataccen abu ba. Ya zauna kusa da Sifana kamar mai jiran gyaran keke.

"Yaushe ka mayar da babur ɗin?"

"Jiya da rana, Baba, kafin ruwan nan ya sauko."

"Ka hau shi?"

"Ba na hawan abin yara. Ɗaga bayansa nake yi in ɗora a kan katako, in saurari injin."

"An taɓa roƙon ka ka ƙara masa gudu?"

Sifana ya ce, "Tsigi da kanta. Ta ce ɗan gidan su ƙawarta yana wuce ta da keke, yana yi mata gwalo. Na ce mata idan ƙafarta ta kai ƙasa daga kan kujera, mu yi magana. Ta ce ba za ta ƙara ce min kawu ba."

Wani saurayi ya tsoma baki. "Kun ji, ai ga dalili nan. Neman shiga yake yi wajen dangin amarya."

Mai Sawu bai ko ɗaga kai ba. Tafin takalmin Sifana yake kallo.

*

Filin bayan gida ya sha tattaka daga katanga zuwa tsakiya, amma gefen sito, inda ake ajiye babur ɗin, babu wanda ya bi. Ruwan jiya ya share tsofaffin sawaye, ya bar yashin da danshi. Mai Sawu ya ce in taka inda ya taka kawai. Yana tafiya a karkace, yana sa rana a gabansa, wai don inuwa ta cika ramin sawu.

A bakin ƙofar sito ya tsaya. "Wani ya zo nan da sanda. Takalmi rufaffe, ƙafar hagu tana ja. Ya tsaya, ya juya, ya sake dawowa."

Na san ko wane ne. Maƙwabcinmu ne, tsohon nan da yara suka raɗa wa Baba Shiru, wanda ya sha rantsuwa cewa wata rana sai ya zuba wa babur ɗin nan yashi a tanki.

Muka same shi a barandarsa, rediyo a kashe a kan cinya.

"Na je," ya ce, tun kafin a gama tambaya. "Kuma da na sami makullin a jiki da na zare na jefa a kwata, ba na ɓoyewa. Mutum yana fama da hawan jini, gari bai gama wayewa ba, a tasa masa wannan jaraba a bayan taga."

"Da sassafe ka ji shi?"

"Sau uku. Ya tashi, ya zagaya, ya mutu. Ya sake tashi da ƙara fiye da ta farko. Na uku kam sai da haƙorana suka amsa, su da ba su kai goma ba. Kafin in lalubo takalmi in zagayo, an mayar da shi an kulle."

"Ba ka ga kowa ba?"

"Katanga ce tsakaninmu, ni ba tsuntsu ba ne. Na ɗauka makaniken ne. Wa ke tada inji da asuba in ba mai sana'ar ba?"

Da muka fito na kama hannun rigar Mai Sawu. "Shi ne, Baba. Ya tsani babur ɗin."

"Wanda ya tsani ƙara ba ya ƙara wa inji murya, 'yata. Kuma sawunsa a kan na tayoyin yake, ba a ƙarƙashi ba. Bayan an gama ya zo."

Ɗakina yana ta wajen titi, ban ji komai ba da safen. Na tsani barcina a lokacin.

*

Muka koma filin. Wannan karon tayoyin ya bi. Ya nuna min sawu iri biyu na babur ɗaya. Na farko sama-sama yake, kamar an ja tsefe a kan yashi, ya miƙe ɗoɗar zuwa katanga. Wannan na Tsigi ne. Ɗayan kuwa ya nutse, har tayoyin baya sun ture yashi gefe da gefe, kuma zagaye yake yi ya dawo bakin sito. Zagaye uku.

Ya tsinko tsinken tsintsiya, ya cusa a cikin sawu mai zurfin, ya karya shi daidai bakin ramin, ya sa a aljihu.

"Dubi nan. Duk inda ya zo kwana sai ya sauke ƙafa, don gwiwoyinsa sun tokare da kan babur. Babba ne ya hau abin yara. Ga inda yake tsayawa, ya sauka, ya durƙusa a gefen totur. Gwiwa ɗaya, wuri ɗaya, sau uku."

Na duƙa na kalli sawun ƙafar. Silifas ne na roba, dunduniyar dama ta tsage, tsagar ta fito a kan yashi kamar an zana ta da allura. Na san silifas ɗin nan. A bakin banɗakinmu suke zama, duk wanda ya tashi a gidan shi ke zura su.

Mai Sawu yana kallon fuskata. "Kin gane su."

"Na gidanmu ne." Na miƙe tsaye. "Za su ce ni na ba shi ya sa."

"Za su ce. Shi ya sa ba zan tsaya a kan takalmi ba. Takalmi ana aro. Je ki ce wa yayanki ina so in haɗa wa 'yan sanda hujja kafin su iso. A taho da makaniken."

*

Rana ta karkata lokacin da aka taru. Matar Yaya ta dawo ɗaukar kayan sawa da bargo, ta tsaya a bakin ƙofar baya da jaka a hannu, fuskarta a kumbure. An kawo Sifana tsakanin samari biyu. Baba Shiru ya zo yana mita. Yaya ya tsaya ya harɗe hannuwa a ƙirji, katon mutum, inuwarsa ta rufe rabin ƙofar sito.

Mai Sawu ya sa aka turo babur ɗin zuwa gindin katanga, inda inuwa ta hana yashi bushewa. Gabansa ya lotse, amma tayoyin suna juyawa. Ya share wurin da tafin hannu har ya yi sumul.

"Abu ne mai sauƙi. Wanda ya kwance sukurun ya hau babur ɗin nan da safe, ƙasa kuma ta riƙe nauyinsa. Kowa zai hau, a tura shi taku kaɗan, in auna."

"A fara da shi," in ji Yaya.

Sifana ya hau, dogayen ƙafafunsa sun naɗe kamar na fara. Aka tura. Mai Sawu ya durƙusa ya sa tsinken a cikin sawun. Kusan rabinsa yana waje. Ya ɗaga don kowa ya gani.

"Ke, 'yata."

Na hau, aka tura. Nawa ma bai kai na Sifana ba.

Baba Shiru ya ce shi da shekarunsa ba za a mayar da shi abin dariya ba, kuma idan ƙugunsa ya goce, Mai Sawu ne zai goya shi zuwa asibiti. Ya dai hau, sanda a kan cinya. Wasu yara suka ƙyalƙyale, uwarsu ta harare su. Tsinken ya ƙara shiga, amma da saura.

Daga nan babu wanda ya sake dariya. Mai Sawu ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa, ya yi magana yana kallon yashi, ba ya kallon kowa.

"Bari in faɗi abin da na karanta. Mutumin nan ba mugunta ta kawo shi ba. Mai mugunta sau ɗaya zai kwance ya gudu. Wannan ya kwance kaɗan, ya hau ya gwada. Ya ga babu gudu. Ya sauka ya ƙara. Ya sake hawa, har yanzu abin yana jan ciki. Ya ƙara na uku. Yana gwadawa ne don yana tsoron kada ya yi yawa. Mutum ne mai son yarinyar."

Matar Yaya ta ajiye jakar a ƙasa a hankali. Ba Mai Sawu take kallo ba.

"Baban Tsigi," ta ce. "Da na farka da asuba ba ka ɗakin. Ka ce min tankin ruwa ka je dubawa."

Yaya ya kawar da kai.

"Saura kai, maigida," in ji Mai Sawu. "Idan ba ka so, ba mai tilasta ka. Gidanka ne."

A raina na roƙi Yaya ya ƙi. Ni da na yi gudu na kirawo mutumin nan, ni ce kuma nake addu'a a ce ya yi kuskure. Mutumin da ya goya ni ranar da aka binne mahaifiyarmu, wanda ya sayar da agogonsa ya saya min littattafai. Na so in ceci ɗaya, ban san da ɗayan zan biya ba.

Yaya ya tako. Ya ɗaga ƙafa ya zauna a kan 'yar kujerar, babur ɗin ya yi ƙara ya durƙusa, gwiwoyinsa suka tokare da kan. Babu saurayin da ya matso don ya tura. Ba a ma buƙata. Tayoyin baya sun riga sun nutse. Mai Sawu bai fito da tsinken ba.

"Kuka Tsigi ta yi min," Yaya ya ce, murya a dushe. "Ta ce ana yi mata dariya. Na ce bari ta tashi ta tarar da abin mamaki." Ya ɗago ya dubi jama'a, kamar mai neman wanda zai tsaya masa. "Amma ba nawa ba ne ya jawo. Na gwada da kaina. Wallahi ko gudun keke bai yi ba. Sai da na ƙara har sau uku kafin ya ɗan motsa. Dole akwai abin da aka yi wa injin. Dole."

Sai na gane bai yi wa Sifana ƙazafi da gangan ba. Tun safe yake riƙe da wannan maganar da hannu biyu, don idan ya sake ta, babu abin da zai rage tsakaninsa da hannun 'yarsa.

Sifana ne ya amsa. Ya zame daga hannun samarin, ya zo ya tsuguna a gaban babur ɗin, shatin yatsu yana nan a kuncinsa. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, yadda yake yi wa inji.

"Yaya, kai ya ɗauka. Injin nan ɗan mitsitsi ne, da kai a sama numfashi kawai yake nema. Ita kuwa ba ta kai nauyin ƙafarka ɗaya ba. Abin da ya ja ciki da kai, da ita tashi zai yi." Ya taɓa gefen totur ɗin. "Kuma akwai ɗan noti da ake ɗaurewa bayan an juya sukurun. Ba ka ɗaure ba. Girgiza ta ƙarasa sauran."

"Ban san da noti ba."

"Ba kowa ya sani ba. Da ka tambaye ni."

"Za ka hana."

"Zan hana."

Yaya ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suka fara girgiza. Matarsa ba ta je wurinsa ba, ba ta kuma tafi ba. Jama'a suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kallon ƙasa, har da matar da ta yi raɗar makulli. Baba Shiru, wanda bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Na je na tsaya tsakanin su biyun, ban san wanda zan taɓa ba. Sifana ya ɗago ya kalle ni, karo na farko a ranar, ya yi min nuni da ido wajen Yaya. Na dafa kafaɗar Yayana. Rigar ta jiƙe da gumi.

A lokacin ne muka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. 'Yan sanda biyu suka zagayo ta lungu, babban cikinsu yana gyara bel. Ya dubi lotsattsen babur, ya dubi katon mutumin da ke zaune a kai, ya dubi siririn da ke tsugune a gabansa da shatin mari.

"Wa ya kira mu?"

"Ni ne," in ji Yaya.

"To ina mutumin da ya yi aikin?"

Sifana ya buɗe baki, na san abin da zai ce, zai ce hatsari ne, a bar maganar. Yaya ya ɗora hannu a kafaɗarsa ya tsayar da shi.

"Bari, ƙanena," ya ce. Ya share fuska da hannun riga, ya dubi ɗan sandan. "Ga ni."